Yadda na raba tankin babur ɗina da zanen mai burushi, fentin kamfani bai ji ciwo ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin cinikin babur na hannu a Zariya ya san abin da mai saye ke fara dubawa tun kafin ya buga kik: fenti. Zai zagaya tanki, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa bakin murfin mai da yatsa. Da ya ga alamar an sake feshi, kuɗi ya sauka ke nan, domin zarginsa biyu ne. Ko babur ɗin ya sha ƙasa an ɓoye tabo, ko kuma an canza masa kama saboda wani dalili da ba a son hukuma ta ji. Shi ya sa lokacin da na sayi jar Bajaj Boxer a hannun wani ɗan acaɓa a Tudun Wada, ban karɓi shawarar da kowa ya fara ba ni ba, wai in kai a kankare tankin a sake fesawa.

Tsohon mai ita mutum ne mai son ado. Ya kai ta wurin masu rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci, suka ja mata siraran layuka da burushi, fari da ruwan ɗorawa, suka zagaye tanki, suka gangara murfin tayar gaba, suka lanƙwasa su a murafun gefe. Tsakani da Allah hannun mai zanen ya faɗa, layin bai yi rawa ko wuri ɗaya ba. Sai dai ni malamin makaranta ne, kullum ina hanyar Samaru, kuma daga PZ zuwa Kwangila babu ranar da ba a ɗaga mini hannu ana tambayar nawa zan kai mutum. Abin da nake so shi ne zanen ya tafi, jan da kamfani ya fesa ya zauna yadda yake.

Wani dattijo mai fentin mota a Sabon Gari ne ya ɗora ni a hanya, kuma bai fara da kwalbar komai ba. Farcen babban yatsansa ya sa ya bi ta kan layin a hankali, sannan ya bi ta kan rubutun kamfani da ke jikin tankin. Ya ce, "Malam, taɓa ka ji." A kan layin mai zane farce yana tuntuɓe, akwai ɗan tudu. A kan rubutun kamfani kuwa sumul ya wuce, da ƙyar ake jin gefensa. Ya ce wanda farce ya kama yana sama, ana iya ɗauke shi. Wanda farce bai kama ba yana kwance ƙarƙashin kiliya, wato shafin nan marar launi da ake fesawa a ƙarshe don sheƙi, kuma babu yadda za a kai gare shi sai an huda kiliyar. Wanda duk adon babur ɗinsa yake a ƙasa haka, ya haƙura ya zauna da shi ko ya shirya sabon feshi.

Na ce, "To Baba, me zai cinye na saman ya bar na ƙasan, alhali duka fenti ne?" A nan ne ilimin aikin yake gaba ɗaya. Fentin tankin ƙarfe a kamfani ba shanya shi ake yi ba, gasa shi ake yi a zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, har ya ƙulle ya yi tauri. Na mai burushi kuwa fentin mai ne irin na gwangwani, iska kawai ta busar da shi, don haka ko ya shekara bai kai na ƙasa ƙarfi ba. Tsakanin taurin wannan da laushin wancan akwai ɗan fili, kuma a cikin filin nan ake aiki. Abin da ya fi ƙarfin na sama amma bai kai ya ci na ƙasa ba, shi ake nema. Filin bai da faɗi. Kiliyar kamfani kaurinta bai fi kashi 1 cikin 20 na milimita ba, a kan kusurwoyi da bakin tanki ma ta fi haka siranta, kuma abin da aka goge daga jikinta ya tafi ke nan.

Akwai gwaji na biyu da ya sa na yi a ƙarƙashin tanki, inda kujera ke rufewa. Aka ɗiga kwamfawun, man gogen nan na masu fenti, a farin tsumma, na murza wurin kaɗan. Tsumman ya fito babu ja. Ma'anarsa akwai kiliya a kan launin. Da ya fito da ja, to tankin fenti ɗaya ne babu rufi, kamar yadda ake samu a tsofaffin babura da waɗanda aka sake fesawa da araha, kuma irin wannan ko kaɗan ba a kusantarsa da tina, wato ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, domin zane da launi tare za su taso.

A gida na yi aikin, da safe, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ba a yin sa a rana, don tanki mai zafi yana busar da duk abin da aka shafa kafin ya yi aiki, kuma fenti mai zafi ya fi saurin yin laushi. Ba a yin sa a rufaffen zaure, saboda warin tina da haɗarin wuta, ga tanki da fetur a ciki. Na rufe makunnin mai, na kori yara, na roƙi maƙwabcina mai shan taba ya matsa can bakin masallaci. Lokacin kuma tsakiyar hunturu ne, ƙura na sauka ko'ina, kuma ƙurar nan idan ta shiga tsakanin tsumma da fenti samfefa ce. Saboda haka sai da na wanke babur ɗin tas da sabulu, ina kuma sake ɗauraye kowane wuri kafin in taɓa shi. Tsofaffin singileti na auduga na yayyanka, kowane yanki na yi amfani da shi sau ɗaya in jefar.

Daga mai sauƙi na faro. Kananzir bai yi wa zanen komai ba illa ya cire maiƙo da datti, amma hakan ma amfani ne. Sifirit na kemis ya ɗan dusashe farin layin a inda yake da siranta, bai taɓa ruwan ɗorawar ba. Kwamfawun ne ya fara cin aiki sosai, sai dai yana da wani sharri da ba a gani da wuri. Idan mutum ya naɗe tsumma a hannu ya hau murza, faɗin tsumman ya ninka faɗin layin sau da yawa, don haka kiliyar da ke gefe da gefe tana cinyewa tun kafin layin ya tafi. A ƙarshe zanen zai ɓace ya bar tudu a gurbinsa da kwari a kowane gefe, wanda ke fitowa fili idan haske ya bugi tankin a karkace. Maganinsa salatif ɗin takarda na masu fenti. Na liƙa shi dab da layin ta sama da ta ƙasa, ya zama zanen kawai ke waje, na naɗe tsumma a kan yatsa ɗaya ina bin tsawon layin, ba a gicciye ba. Da wannan kaɗai yawancin farin ya tafi.

Ruwan ɗorawar ce ta yi taurin kai, musamman a farkon kowane layi, inda mai zane ya fara ajiye burushi cike da fenti. Nan ne tina ta shigo, kuma nan ne na fi taka-tsantsan. Ban zuba ta a tsumma ba. Tsinken goge kunne mai auduga na tsoma, na matse shi a bakin kwalba har ya daina ɗiga, na ɗora a kan layin tsawon da bai wuce gaɓar yatsa ba. Kafin in ƙirga biyar sai fentin ya fara yamutsewa, audugar ta rine. Nan take in share da busasshen tsumma, shara ɗaya zuwa gefe guda, in bi da ruwan sabulu. Ba a komawa da audugar da ta rine, don narkakken fentin zai shafe a kan jan ya ƙara aiki. Ba a kuma nacewa a wuri ɗaya. Idan bai fita duka ba, in wuce gaba, sai wurin ya huce ya koma da taurinsa sannan in dawo. Alamar da Baba ya ce in kula da ita ita ce danƙo: muddin yatsa ya ji kiliyar na kama shi, ko sheƙinta ya yi hazo, to ta fara jin jiki, a dakata. Inda fentin ya yi kauri har ya yi ƙullutu, gefen tsohon katin ATM na sa na ɗaga shi bayan ya yi laushi. Reza tana da sauri, amma tanki ba shimfiɗaɗɗe ba ne, kusurwarta ɗaya ta karkace ta shiga.

Murafun gefe labarinsu daban, don roba ce. Tina da asiton, wanda ke cikin abin da mata ke goge janfarce da shi, suna narkar da irin wannan robar, su bar ta da fari-fari ko ta tsattsage daga baya. Na kwance murafun na ɗora a cinya, na yi musu da sifirit da kwamfawun kawai. Sun ci lokaci fiye da tanki duk da ƙanƙantarsu.

Masu wucewa kuwa kowa da maganinsa. Wanda ya fi yawa a bakin mutane shi ne man birki, kuma gaskiya ne yana cin fenti, irin DOT 3 da DOT 4 ɗin nan da ke kowane shagon kayan gyara. Matsalar ba ya tambayar wane fenti ne na kamfani. Duk bakanike ya san yadda yake kumbura fentin mota idan ya ɗiga aka bar shi. Na ga tankin wani yaro a unguwarmu da aka yi wa haka, zanen ya tafi, jan ma ya bi shi, abin da ya rage toka-toka ne. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya zo da nasa. Ya ce a Amurka, inda irin wannan adon na siraran layuka ya yi tashe a kan motoci da babura tun shekarun 1950, wasu da maganin wanke murhun gashi suke cire shi. Haka ne, amma ƙarfin maganin daga soda yake, irin wadda ake dafa sabulu da ita. Tana ƙona fata, tana kuma cin alminiyom, ga injin babur a ƙarƙashin tanki kai tsaye, jikinsa kusan duk alminiyom. Sodar da ke cikin maganin murhun ma gwargwadonta an auna shi a masana'anta. Wanda zai jiƙa sodar kasuwa a roba ya shafa wa tanki, shi da sa'arsa. Samfefa mai lamba 1500 ko 2000 da ruwa tana aiki a hannun wanda ya saba, ni dai na bar wa masu sana'ar.

Abin da babu wanda ya faɗa mini sai da na gani da idona shi ne inuwar zanen. Bayan fentin ya fita tas, na cire salatif na wanke, sai ga layukan nan suna nan, amma yanzu ja ne mai duhu a cikin ja mai haske. Ba ragowar fenti ba ne, farce bai kama komai. Rana ce ta ci launin tankin tsawon shekarun da ya yi yana yawo, wurin da zanen ya rufe kuwa bai sha rana ba, kamar gurbin agogo a hannun mutum. Ja yana cikin launukan da suka fi saurin koɗewa, ranar Maris da Afrilu a garin nan kuwa ba ta raga wa komai. Wanda bai gane wannan ba zai ci gaba da murza wurin yana zaton saura kaɗan, har ya huda kiliyar a kan abin da ba ya goguwa.

Abin da ya rage kaifinta shi ne goge tankin gaba ɗaya da folish mai laushi, ba wurin layin kaɗai ba. Wani ɓangare na dusashewar a fatar kiliya yake, kuma da wannan ya ɗauke, bambancin ya ragu sosai. Wanda ya shiga cikin launin kansa ba ya fita, sai dai rana ta daidaita su a hankali. Na bi da kakin mota na shafe, tunda tina da kwamfawun sun kwashe duk wani kariya da ke kai. Yanzu sai mutum ya duƙa ya kalli tankin ta gefe da hantsi kafin ya ga inda layin ya bi.

Murfin gefen dama ne kawai bai fita duka ba. Akwai ɗan ruwan ɗorawa da ya maƙale a cikin wani tsohon ƙarce, inda tsumma ba ya kaiwa. Na tambayi sabon murfi a Sabon Gari, kuɗinsa ba wani mai yawa ba ne, amma da na kara shi a jikin tankin jansa ya fi na babur ɗin ƙarfi, daga nesa za a gane an canza. Na mayar wa mai shagon, na ɗaura tsohon.