Kafaɗar tuksido ba ta gyaruwa

Har yau idan na tuna kuɗin da wani shagon hayar kaya ya ci mini a banza, sai raina ya ɓaci. Liyafar cin abincin dare ce ta ƙarshen shekara a jami'ar da nake karatu a Ingila, kuma an rubuta a katin gayyata cewa da tuksido za a zo, wato baƙin kwat da wando irin na Turawa da ake sawa a liyafar dare. Na shiga shafin shagon a intanet, na tura musu awon ƙirji, da na ƙugu, da tsayin ƙafa, duk abin da suka nema. Faɗin kafaɗa kuwa ko tambaya ba su yi ba. Kaya suka iso ana gobe biki.

Ina zura kwat ɗin gabana ya faɗi. Kafaɗarsa ta zarce tawa ta lanƙwaso ƙasa, yadin ya tattare a bayan wuya, hannun ya sauko har gindin yatsuna. Na buga musu waya, suka ce ai lambar da na bayar suka aiko, kuma kuɗin haya ba ya dawowa.

Wani tsohon tela ɗan Fakistan da ke unguwarmu shi ya fitar da ni kunya. Ya sa yatsu ya tsunkuli yadin da ya yi saura a kan kafaɗata, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, hannu ina iya ragewa, ƙugu ina iya matsewa, wando ina iya ɗagewa. Kafaɗa kuwa sai an warware kwat ɗin gaba ɗaya, wannan kuma ba naka ba ne balle in sa masa almakashi." Shi ya tura ni shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, ya ce kada in damu da tsayin hannu, kafaɗa kawai zan duba. Allah ya taimake ni na samu wanda ya zauna mini ɗas, telan ya rage hannun a daren. Biya biyu ke nan a kan dare ɗaya, ni ɗalibi mai lallaɓa kuɗin abinci.

Mu da muka tashi da babbar riga mun saba da tufar da ke rufa wa mutum asiri, ko ya rame ko ya yi ƙiba. Tuksido ba ya rufa wa kowa. Tun asalinsa ma ɗinkin jikin mutum ɗaya ne: a 1865 ne shagon Henry Poole da ke titin Savile Row a Landan ya ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 7, gajeren kwat na cin abincin dare, aka kuma ɗinka shi a kan awonsa. To ta yaya lambar ƙirji kaɗai za ta wadatar?

Sauran abubuwan ba su ba ni wahala ba, a bakin telan na tsince su. Wandon ba a sa masa bel, igiyoyin rataya a kafaɗa ne ke riƙe shi. Ɗamarar yadi mai ninki da ake ɗaurawa a ƙugu, wadda hafsoshin Ingila suka kwaso daga Indiya, bakin ninkinta sama yake kallo. Hannun farar shat ya leƙo kamar santimita 1 daga na kwat. Ɗaurin wuya baƙi, mai siffar malam-buɗe-littafi, kuma gara ka koyi ɗaure shi da kanka, don na kanti mai ƙugiya ana gane shi daga nesa. Safa baƙa doguwa, yadda ƙwauri ba zai fito ba in ka zauna. Idan kuma katin ya ce an yarda da kayan gargajiya, ka ɗauko babbar rigarka da hula ka huta.

A zauren liyafar na riƙa ganin samari da kwat ɗin haya, kafaɗu a zube, suna ta jan hannun riga sama. Tausayinsu na ji, don na san abin da aka yi musu.

Kada ka yi hayar tuksido daga nesa. Ka je da ƙafarka, da saura kwanaki, ka saka, ka ɗaure maɓallin, ka zauna, ka ɗaga hannu. Sannan ka tsaya gefe-gefe ka matsa jikin bango a hankali. In kafaɗar kwat ɗin ta riga damtsenka taɓa bangon, cire shi ka nemi wani, ko me mai shagon zai ce maka.