Ƙahon da bakinsa ke kallon baya

Talata, ƙarfe 11 na dare.

Yanzu na shigo ɗaki, yatsuna ko gama warwarewa ba su yi ba. Tun ƙarfe 7 na safe muke cikin wata tsohuwar coci a wani ƙauye, tafiyar kusan awa ɗaya daga garin da nake karatu a nan Jamus. Wuni guda na'urar ɗumama wurin a kashe take, don gurnaninta yana shiga makirufo. Sai lokacin hutu a kunna ta minti 20, a sake kashewa. Ni da nake ƙorafin hunturun Katsina, yau na nemi afuwarsa.

Sati uku ke nan ina sanin makamar aiki a wurin Maigida. Furodusa ne na kiɗan da makaɗa 'yan kaɗan suke yi, uku ko huɗu ko biyar, babu wani mai sanda a gabansu, kowa yana sauraron ɗan'uwansa. Kafin wannan sana'a mabushin ƙaho ne. Yau aka fara ɗaukar wani kiɗa mai kashi huɗu na Brahms, Bajamushe mai tsara kiɗa, da ya rubuta a 1865 domin ƙaho da fiyano da goge irin na Turawa.

Da sassafe na fara da abin kunya. Maigida ya ce in kafa makirufo, ni kuwa da rawar jiki na dasa ɗaya a gaban kujerar mai busa, kamar yadda zan yi wa mai waƙa. Bai ce uffan ba. Sai da matar da za ta busa ƙahon ta zo ta fara ɗumama leɓe, ya kamo hannun rigata ya tsayar da ni a bayanta. Ƙarar ta daki ƙirjina, kaushi gare ta, har da hucin iska. Ya sake jawo ni gabanta, wajen taku goma, sai na ji wani sauti daban, mai laushi, kamar daga bangon cocin yake fitowa. Ashe daga bangon yake fitowa kuwa. Ƙahon nan bututu ne da aka naɗe kamar gammo, faffaɗan bakinsa yana kallon baya ta ɓangaren dama, don haka abin da mai sauraro yake ji sautin da ya bugi bango ya dawo ne. Muka sa manyan makirufo biyu a gaba su kama ɗakin, ƙarami ɗaya a baya can nesa, sannan Maigida ya jingina wani katako a bayanta, ya yi ta matsar da shi taku ɗaya, rabin taku, har kusan minti 40.

Kwaɓa ta biyu ta fi ta farko. Ina sauraro a ɗakin da muka mayar wurin na'urori, sai na ji wasu sautukan suna fitowa tar, wasu a toshe kamar mai mura. Na ɗauka waya ce ta samu matsala, har na miƙe zan je dubawa. Maigida ya yi dariya sai da ya cire tabarau. Ƙahon da take busawa ba shi da bawul ko ɗaya, wato maɓallan da ake dannawa da yatsa a sauya sauti. Irin na da ne, kuma Brahms da kansa shi ya nema, duk da a zamaninsa mai bawul ya riga ya yaɗu, tun da wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, suka yi rajistar ƙirar a 1818. Bututun da babu bawul sautuka ƙidayayyu yake bayarwa. Sauran kuwa da hannun dama ake nemo su: a cusa shi cikin bakin ƙahon, a toshe kaɗan ko a toshe duka. Wannan dabara ana danganta ta ga Hampel, wani mabushi na Dresden a ƙarni na 18. To, toshewar da na so in gyara ita ce abin da aka zo ɗauka.

Na ce masa mu ma muna da kakaki, dogon ƙarfe ne babu rami babu bawul, leɓe kawai. Na nuna masa bidiyon hawan sallah a wayata. Ya saurara sau biyu, tambayarsa ɗaya: mabusan nan, idan sun tsufa leɓe ya gaza, me suke komawa yi?

Da muka zauna cin abinci na gane dalilin tambayar. Ni na fara yin azahar a bayan motar kaya, na haɗa da la'asar ba da jimawa ba, don a wannan wata rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5. Da na dawo na tarar ya ajiye mini burodi da cuku. Ya ce yana ɗan shekara 10 ya fara busa a ƙungiyar cocin garinsu. Mahaifinsa yana da faifan Dennis Brain, mabushin ƙaho Baturen Ingila da ya ɗauki kiɗan ƙaho huɗu na Mozart a 1953, ya kuma rasu a haɗarin mota a 1957 a hanyarsa ta komawa Landan daga Edinburgh, yana da shekara 36. Ya ce ya saurari faifan nan har ya goge. Daga nan makarantar kiɗa, sai gwajin neman aiki, inda ake busa a bayan labule don kada alƙalai su ga fuskar kowa. Jamus tana da manyan ƙungiyoyin makaɗa na albashi fiye da 100, amma kujerar ƙaho a kowacce ƙalilan ce, kuma wanda ya samu ba ya tashi sai ritaya. Sau shida yana faɗuwa, a na bakwai ya samu. Shekara 19 ya yi a wani gidan opera.

Sai wata rana leɓensa na sama ya fara karkarwa. Babu ciwo, babu kumburi, yana magana lafiya, yana cin abinci lafiya, amma da ya ɗora ƙaho sai naman ya ƙi bin umarni. Likitoci suka ce matsalar daga ƙwaƙwalwa take, ba daga leɓen ba. Ya yi shekara biyu yana fafutuka, ya haƙura. Ya faɗi wannan yana shafa man shanu a burodi, kamar labarin wani yake bayarwa. Ni ne ma na rasa inda zan sa idona.

Da yamma aka shiga kashi na uku, mai tafiya a hankali. Mahaifiyar Brahms ta rasu a farkon shekarar da ya rubuta shi, kuma mahaifinsa ma mabushin ƙaho ne, don haka ba sai an gaya maka makoki ne ba. Aikina rubuta lambar kowace ɗauka da inda aka tsaya. Akwai wani wuri da ƙaho yake shigowa a hankali bayan dogon shiru. Ɗauka ta 44 sautin ya fashe. Ta 45 ma haka. Ta 46 ta shigo a makare don tsoro. Ta cikin na'urar kunne ina jin numfashinta ya gajarce.

Da ni ne, da na danna maɓallin magana na ce a sake. Maigida ya ɗora yatsa a kai, ya fasa. Da ya danna, mai fiyano ya kira, ya ce yana jin ƙarar fedar fiyanon, ko za a duba? Babu wata ƙarar feda, ni ma kunnena yana kai. Amma sai da aka kwashe minti biyar ana leƙen ƙarƙashin fiyano, ita kuma ta juya ƙahonta ta zubar da ruwan da tururin numfashi yake tarawa a ciki, ta miƙe ta ɗan zaga, babu mai kallonta. Ɗauka ta 47 ta fito.

Ba ta fito sumul ba. A farkon sautin akwai ɗan huci, iska ta riga shi da ƙiftawar ido. Aka ƙara wasu biyar, ta 52 kuwa babu ko ɗigon aibi. Na ja layi biyu a ƙarƙashinta. Maigida ya karɓi takardar, ya zagaye 47 da jan biro. Na ce, "Maigida, ai akwai huci." Ya ce ya ji. Ya ce a 52 tana tsaron kanta ne, a 47 kuwa ta manta da mu.

Gaskiya har yanzu ban gama yarda ba. Malamanmu a aji sun horar da kunnena ya farauto aibi, kuma wanda zai sayi faifai zai ji hucin nan duk lokacin da ya kunna, ba sau ɗaya ba kamar a zaure. Na faɗa masa haka a mota. Ya ce in kwafi biyun in saurara da safe kafin in sha shayi, in ya so mu yi gardamar a hanya.

Muna loda kaya na ga ya ɗauki ƙahon matar zai miƙa mata. Hannunsa na dama ya shige bakin ƙahon da kansa, yatsu a haɗe, kafin ya ankara ya zare.

Gobe kashi na ƙarshe, mai gudu kamar na farauta. Ƙarfe 6 da rabi zai zo ɗaukata. Na fito da safa biyu na ajiye a kan takalmi don kada in manta.