Hannun Kofi a Cikin Fasassun Kwalabe

Talata, da dare.

Ƙafafuna sai zogi suke yi, amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Da na karɓi aiki da safe a masana'antarmu ta kwalabe, na tarar tanderun narkar da gilashi ya sha gas fiye da yadda ya saba tun tsakar dare. Abokin aikina da ya kwana ya ce fasassun kwalabe ne suka yi ƙaranci, dole suka ƙara ɗanyen haɗi. Wanda bai san sana'armu ba zai ce ina abin damuwa a nan. To, ɗanyen haɗi yashi ne da soda da farar ƙasa, kuma ba sa narkewa su zama gilashi sai zafi ya kai wajen digiri 1,500. Ita kuwa fasasshiyar kwalba ta taɓa shiga wuta, ba ta gardama. Duk kashi 10 cikin ɗari na fasassu da ka ƙara a haɗi, ka rage kusan kashi 3 na wutar narkarwa. Ga shi soda da farar ƙasa da kansu suna sakin iskar kabon in sun ji zafi, ko da me ka hura wutar.

Shi ya sa da motar fasassu ta shigo wajen ƙarfe goma har murmushi na yi. Murna ta koma ciki. Na sa safar hannu na tona, sai ga hannun kofin tangaran. Na sake tonawa, ga gutsuren faranti, ga tsakuwa. Tangaran ba ya narkewa tare da gilashi. Haka zai bi ruwan gilashin ya maƙale a jikin kwalba kamar ƙwayar tsakuwa, ranar da aka zo ɗura mata lemo mai gas ta tarwatse. Na ce a mayar da motar a sake tacewa.

Ba a jima ba sai ga Oga.

"Malam, ka san abin da muke ƙonawa duk awa kuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma kwalbar da injin dubawa ya ture, sai mun sake narkar da ita. Wuta biyu ke nan a kan kwalba ɗaya."

Ya daɗe yana kallon hannun kofin a tafina, ya juya bai ce komai ba. Ban san ko na ci ba ne ko kuwa ya ajiye mini ita sai gaba.

Abin da ya wanke mini zuciya shi ne zagayen da muka yi da Baba, dattijon da ya fi kowa daɗewa a gindin tanderun nan. Shi da kunne yake aiki. Duk minti 20 ana juya wuta: harshenta ya daina fitowa ta wannan ɓangare ya koma wancan. Hayaƙin da ke fita yana ratsa wani ɗaki cike da bulo da aka jera da ramuka, bulon ya sha zafi, in an juya sai iska mai shigowa ta bi ta cikinsa, ta iso wuta da zafin da ya haura digiri 1,000. Dabarar 'yan gidan Siemens ce, wasu injiniyoyi 'yan asalin Jamus, tun 1856, kuma har yau a kanta muke. Ana cikin juyawar Baba ya tsaya cak.

"Yaro, ka ji?"

Ban ji komai ba sai rugugi. Ya nuna mini wata 'yar tsaga a gefen bakin wuta, inda iska mai sanyi ke silalewa ciki ba ta bi ta bulo ba. Gas muke ƙonawa muna ɗumama iskar da ba mu gayyata ba. Muka kwaɓa ƙasa mai jure wuta muka toshe. Gumi har cikin takalmi.

Da rana aka kira mu taro a kan makomar masana'anta. An nuna mana hotunan St Helens a Ingila, inda kamfanin Pilkington ya gwada hura tanderunsa da iskar haidurojin a madadin gas a 2021. An yi maganar ƙona gas da zallar oksijin, tunda kashi 78 na iska naitirojin ne da ba ya ci, zafi kawai yake kwashewa ya fice. An yi maganar narkarwa da lantarki. Duk na yarda, har na ji sha'awa. Sai dai tanderu ba fitila ba ne da za a kashe a kunna. In an hura shi, sai ya yi shekara 10 zuwa 15 yana ci dare da rana, kuma babban sauyi sai ranar da aka rushe shi za a sake gini. Namu da sauransa. Ina zaune ana ta bayani, ni kuwa ta bayan bango ina jiyo bututun iskar kwamfaresa yana tsaki, yoyon da na rubuta rahotonsa tun makon jiya. Na ɗaga hannu na faɗa. Aka yi dariya kaɗan, aka rubuta.

Kafin in tashi, allon awo ya nuna shan gas ya ɗan sauka. Toshiyar Baba ce, ina kyautata zato.

Gobe motar za ta dawo, wai an tace. Zan sake tonawa. Hannun kofin ma ashe yana aljihuna, sai da na zo cire riga na ji shi.