Ranar cincin da gyaɗar ƙamshi

Laraba, bayan isha'i.

Tun asuba ƙafata ba ta huta ba. Saura kwana huɗu bikin 'yar yayata, kuma ni aka ɗora wa cincin da dubulan na gara. Da hantsi na shiga kasuwar Rimi sayen kayan ƙamshi. Mai shagon ya miƙo mini garin gyaɗar ƙamshi a leda, na ce a'a, Malam, ƙwayarta nake so, guda shida. Gari in ya kwana biyu a leda ƙamshinsa guduwa yake, balle ma ka rasa me aka cuɗa a ciki. Gara in goga da hannuna. Ya so ya haɗa mini da gyaɗar miya, wai ai duk ɗaya ne. Ina fa ɗaya! Waccan ta farfesu ce.

Ina cikin kwaɓa fulawa Inna ta fito tana dafe da ciki. Alalen jiya ya kumbura mata ciki, ko barcin kirki ba ta yi ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, ɗan goga mini wannan abin a madara mai ɗumi, haka uwata take mana." Na ce to, Inna. Na ɗibi ɗan abin da yatsu biyu za su iya ɗauka na barbaɗa. Tsofaffi ba su yi ƙarya ba, tun da daɗewa ake shan ta don iskar ciki da tashin zuciya, da kuma sanyaya jiki kafin kwanciya. Zuwa azahar ta yi gyatsa, ta bingire a kan darduma tana minshari. A ganina ɗumin madarar ma ya yi nasa aikin.

Rigimar yau da autarmu aka yi. Jarrabawa take rubutawa, barci ya ƙaurace mata, sai ta ga wani saƙo a WhatsApp wai gyaɗar ƙamshi na maganin rashin barci, ciwon suga, hawan jini, kusan har da talauci. Na juyo kawai na gan ta da cokali cike za ta zuba a shayi, tana shirin ƙara na biyu. Na fizge kofin. Akwai wani sinadari a cikin gyaɗar ƙamshi, miristisin, wanda idan ya yi yawa yake taɓa ƙwaƙwalwa. Cokali biyu na shayi ya isa ya jawo jiri, bushewar baki, amai, bugun zuciya da sauri, har mutum ya dinga gane-gane. Muguntar abin, ba nan take yake farawa ba, sai bayan wasu awanni, kuma yakan wuce kwana guda bai saki mutum ba. Mai ciki kuwa ta tsaya a ɗan abin da ke cikin girki. Ta turo baki ta ce, "Yaya, ke komai sai kin tsorata mutum." Na ce na ji, amma kofin ya tafi.

Da maigida ya dawo na ba shi labari, sai malantar tarihi ta motsa. Ya ce asalin gyaɗar ƙamshi daga tsibiran Banda ne a Indonesiya, kuma saboda ita Turawan Holan suka yi wa mutanen wurin kisan kiyashi a 1621. A 1667 kuma Ingila ta bar wa Holan ɗan tsibirin Run mai itatuwan gyaɗar ƙamshi, ita ta riƙe Manhattan, inda tsakiyar birnin New York yake a yau. Ƙasar Girenada ma har a jikin tutarta ta saka hotonta. Na dubi 'yar ƙwayar da ke tafin hannuna, jikina ya yi sanyi.

Cincin ya cika bokiti biyu, kaskon farko ya ɗan ƙone saboda rigimar auta. Ƙwaya huɗu suka rage na dubulan ɗin gobe, na ɗaure su a gefen zane na kai ƙarƙashin filona.