Gidan da ko taga ba ka isa ka canza masa ba

Da na zo Ingila aikin kula da tsofaffi, wajen Halifaks aka tura ni a yankin Yokshaya, ɗakin haya mai sauƙi kuma sai a wani tsohon gidan gona can kan tudu na samu. Ranar farko goshina ya gaisa da saman ƙofa, na ce wai mutanen da duk gajeru ne?

Gidan dutse ne zalla, har rufin ma fala-falan duwatsu aka jera, kaurin bango kuwa sai hannunka ya shige har gwiwa kafin ka taɓa gilashin taga. Tagogin ƙanana ne a jere, siririn ginshiƙin dutse a tsakaninsu. Saman ƙofa an sassaƙa shekarar gini, 16 kawai ake gani, sauran ruwa ya cinye. Kuma wai gida da ɗakin shanu rufinsu ɗaya, bango ne ya raba, haka manoman tsaunukan nan suke gini a da don kar a sha tafiya cikin ƙanƙara wajen ba dabbobi ciyawa.

Sanyi kam ba a magana. A Janairu iska ta dinga hurowa ta gefen taga, na samu tsohuwa mai gidan na ce Mama don Allah a sa mana tagar roba irin ta cikin gari mana. Dariya ta yi, ta ce gidan yana rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke riƙe da ita, aji na 2, kusan duk ginin da ya girmi 1700 kuma bai canza kama ba yana ciki, in ka taɓa ba izinin ƙaramar hukuma sai kotu. Gidanka fa, da kuɗinka!

Da lokacin sanyi ya wuce magini ya zo cike tsagar bango, na zuba ido in ga buhun siminti, ashe farar ƙasa ya kwaɓa da yashi, ya ce siminti kulle danshi yake dutsen ya dinga marmashewa, bango ma numfashi yake. Wallahi sai soron kakanmu na Zariya ya faɗo min, tubali da azara, ga sanyi da rana tsaka, wanda muka rushe muka sa bulo da kwano, har da kuɗina a ciki. Na kira Yaya na ce ko akwai hotonsa, ya ce wa zai ɗauki hoton ginin ƙasa?

Tagar dai da tsohon rawanina na toshe ta, safa biyu nake kwana da su.