Katin Kirsimeti a shagona na Bukoki

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina buga takardu a Bukoki, nan Yamai. Abin da ke riƙe da shagon shi ne katin aure da na suna, da littafin rasit na 'yan kasuwa, sai kalanda idan shekara ta zo ƙarshe. Katin Kirsimeti bai taɓa cika mini aljihu ba. Kiristoci ba su da yawa a ƙasar nan, ni kuma Musulmi ne. Duk da haka, da zarar an wuce bikin jamhuriya na 18 ga Disamba, sai in ware masa kwana uku ko huɗu.

Aikin yana faɗowa tsakiyar hunturu, lokacin da takarda ke taurin kai. Mai kaurin nan da muke kira biristol, idan ka ninke ta kai tsaye bakin tsagewa yake yi don bushewa, dole sai an fara ja mata layi. Ga ƙura da ke shiga inji ko ka toshe taga. Takardar ma daga waje take zuwa, shi ya sa karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta kusa rufe ni, kuɗin kaya ya ninka ina zaune. Yanzu kuma WhatsApp ya cinye rabin cinikin, yara hoto suke turawa a wuce wurin.

Katin farko na sayarwa a Landan aka buga shi, a 1843, guda dubu, wani mai suna Henry Cole ya sa aka yi masa. Su can gidan waya ke kai wa mutum har ƙofa. Mu nan wasiƙa a akwatin gidan waya take tsayawa, don haka katin maƙwabci da ƙafa ake kai shi, kuma duk ladabin abin a ƙafar nan yake. Ƙarami ne ke zuwa wurin babba. Ba a ba yaro kati a ce ya miƙa wa dattijo, sai dai in rashin lafiya ya hana ka fita. Sunan mai gida da hannu ake rubuta shi, komai kyan bugu. Masu hankali cikin masu sayen nawa iri biyu suke sa in buga musu: mai hoton jariri a sakarkari na 'yan coci, da wani mai fure kawai, an rubuta barka da sabuwar shekara, na maƙwabta Musulmi. Na san akwai malaman da ba sa son a karɓa ma. Ni dai ina karɓa, da kwanon shinkafa da kaza da ke biyo shi. Ba na rama kati da kati. Ramuwata sai washegarin Layya, ranar rabon nama, in zaɓi cinya mai kyau in kai da kaina.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, asalinta Togo, amma Hausa a bakinta kamar a Tawa aka haife ta. Maman muke ce mata. Tun ina sabon buɗe shago take zuwa da wani littafin 'yan makaranta, a ciki ta jera gidajen da za ta kai wa kati. A da shafi uku ne, kati tamanin take ɗauka. Kowace shekara sai ta zauna kan bencin shagon ta buɗe shi, ta ja layi a kan wanda ya rasu, da wanda ya koma Kwatano ko Lome, da wanda 'ya'yansa suka sayar da gidan. A Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da nan Yamai, na ce a raina shi ke nan, ba za ta sake bi gida-gida ba. Disamba na yi sai ga ta da littafinta, ba ta soke ko gida ɗaya ba saboda wannan.

Laifin da na yi mata har gobe yana damuna. Shekarar da mijinta ya rasu, na je gaisuwa, na zauna zaman makoki. Amma da lokacin kati ya zo, aiki ya yi mini yawa, na buɗe na bara a kwamfuta na buga yadda yake, da sunansu su biyu a ƙasa. Sai da ta buɗe ƙunshin a gabana na gani.

"Maman, ki yi mini aikin gafara. Yanzun nan zan sake, ba ko dala."

Ta daɗe tana kallon katin. Ta ce, "Bar shi, ɗana. Bana dai ya ƙara gaishe su."

Bana kati goma sha tara ta ce in buga. Gwiwa ta hana ta yawo, ni ma da nake mata dariya a da sai na ɗaga tabarau kafin in karanta gyaran rubutu. Ba na son aiki ƙasa da guda hamsin, don bai biyan wahalar saita inji, amma nata ban taɓa lissafa shi haka ba. Jikarta ce za ta riƙe mata hannu su zaga layin. Na ce ta bar nawa, zan zo in karɓa da kaina bayan la'asar, tunda ita ce babba. Ta ce ba ta yarda ba, gidana ne na huɗu a littafin, kuma in tabbata an ɗaura shayi.