Akwatin da na gina don tace sautin rediyon gajeren zango

Rediyon da nake sauraron gajeren zango da shi tsoho ne, ina kuma ji da shi, sai dai ƙofarsa a wangale take. Idan dare ya yi na murɗa zuwa zangon mita 40, wajen megahaz 7, inda masu sha'awar rediyo ke hirarsu, sai in ji abu uku a cakuɗe: mutumin da nake nema, wani a gefensa da murya a murɗe, da wani siririn fito mai huda kwanya. Muryar SSB, wato salon watsa murya da gefe ɗaya kawai na sigina (na sama ko na ƙasa), ba ta buƙatar fiye da haz 300 zuwa 2,700 (haz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa), amma matatar rediyon tana barin kusan kilohaz 6 su kwararo. Wannan ya sa na ƙudurta gina akwatin DSP, wato na'urar da ke mayar da sauti lambobi, ta tace shi da lissafi, sannan ta dawo da shi sauti. Wurinsa tsakanin mafitar sautin rediyo da lasifika.

Na yi amfani da allon Teensy 4.0, wata ƙaramar kwamfuta mai gudun megahaz 600, tare da allon sautinsa da ke ɗauke da SGTL5000, guntun da ke mayar da sauti lambobi. Wannan yana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, yana miƙo awon a dunƙule, 128 a lokaci guda. Ke nan duk lissafin da zan yi dole ya ƙare cikin abin da bai kai milidaƙiƙa 3 ba, kafin dunƙule na gaba ya iso. Haɗa wayoyi da liƙa su da dalma yamma ɗaya ya ɗauke ni.

Tuntuɓen farko a lissafi na yi shi. Tunda murya ba ta wuce kilohaz 3, sai na rage awon zuwa 11,025 don aikin ya yi sauƙi: in ɗauki ɗaya, in zubar da uku. Sautin ya fito da wani ƙaiƙayi a cikinsa. Na cire rediyon, na zuba wa akwatin tsantsar sautin kilohaz 9 don gwaji, ina sa ran shiru. Sai ga fito ya fito ƙarara a wajen kilohaz 2, daidai tsakiyar muryar mutum. Na ɗaga sautin gwajin sama, fiton ya yi ƙasa. A nan ƙa'idar Nyquist ta zauna mini a kai yadda karatu bai taɓa zaunar da ita ba: duk abin da ya haura rabin yawan awo, wato haz 5,512 a nan, ba ɓacewa yake yi ba, naɗowa yake yi ya dawo ƙasa da wata kama. 11,025 a cire 9,000, saura 2,025. Maganin shi ne a fara tace na sama kafin a zubar da komai. Bayan haka na rubuta matatar FIR mai ma'auni 257 don murya, wato matatar da ke ninka awo 257 na baya-bayan nan kowanne da ma'auninsa, ta tara su. Tana jinkirta sauti da kusan milidaƙiƙa 12, kunne ba ya ma lura, amma gefenta kaifi ne kamar aska.

Daren da na mayar da akwatin jikin rediyo, hayaniya ta ƙaru maimakon ta ragu. Ina juya maɓallin neman tasha ina cin karo da ƙananan fito a jere, tazararsu ɗaya, kamar haƙoran mataji. Da na kashe akwatin sai su ɗauke ɗif. Ashe na'urar da na gina don kawar da hayaniya ita kanta ƙaramar tasha ce: agogon da ke cikinta, wayar USB da ke zuwa kwamfuta, da cajar da nake ba ta wuta, duk suna watsa ƙazanta, eriya kuma tana tsinta. Sai da na sa allon cikin gwangwanin alminiyam, na naɗa wayoyin a zoben ferayit mai toshe ƙazantar sigina, na koma batir, na kuma sa ƙaramar taransfomar sauti tsakanin rediyo da akwatin don kada su haɗa wayar ƙasa ɗaya. Wannan aikin ya ci mini lokaci fiye da rubuta manhajar gaba ɗaya, kuma da zan sake, da shi zan fara.

Sashen da ya fi kama raina shi ne lissafin LMS, wanda Bernard Widrow da Ted Hoff suka fito da shi a Jami'ar Stanford a 1960. Matata ce da ke gyara kanta. Tana duba sautin da ya wuce, ta yi hasashen na gaba, ta ga girman kuskurenta, ta ɗan sauya ma'auninta, haka sau dubbai a daƙiƙa. Fito abu ne mai maimaita kansa, don haka tana canko shi daidai. Shuuun sararin sama kuwa ba shi da tsari, ba ya cankuwa. Murya tana tsakiya. To, idan ka aika wa lasifika kuskuren hasashen, fito ya tafi, murya ta saura. Idan kuma hasashen kansa ka aika, shuuun ne ke raguwa. Lissafi ɗaya, layuka kaɗan, aiki biyu. Ranar da na fara kunna shi a kan wani fito da ya addabe ni, sai na ji yana narkewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, muryar da ke ƙarƙashinsa ta bayyana. Na kashe, na kunna, na kashe, na kunna, na daɗe ina yi don daɗi.

Akwai lamba ɗaya da ke riƙe da ragamar saurin koyonsa. Ka ba shi da yawa, ya fara cin wasulan mai magana, domin "aa" mai tsawo ma kamar fito take a wurinsa. Ka rage, ya yi nawa. Rage shuuu kuwa ya fi yaudara. Da na matsa shi sosai, bayan murya ya yi tsit, amma mai maganar ya koma kamar yana ƙasan rijiya. Don in daina ruɗin kaina, na naɗi wata hira mai rauni, na saurare ta da tacewa da kuma babu, ina rubuta kalmomin da na gane. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya ragu da gaske shi ne gajiyar kunne bayan awa biyu. Wannan ma riba ce, shi ya sa na bar shi a mataki mai sauƙi, ba na kai shi ƙarshe.

Saƙon Mos, wanda ake bugawa da gajeru da dogayen fito, ya zo da nasa darasin. Mai kashe fito ya haɗiye shi ɗungurungum, tunda Mos ɗin kansa fito ne, dole na sa ya riƙa kashe kansa a wannan yanayin. Na kuma gwada matatar IIR, irin wadda ke sake amfani da abin da ta fitar a lissafinta, mai faɗin haz 50 kacal a kewayen haz 700. Ta yi ta amsa kuwwa kamar ƙararrawa. Mai buga kalma 20 a minti ɗigonsa milidaƙiƙa 60 ne, kafin amon wani ya mutu wani ya hau kansa. A haz 250 na tsaya.

Abin da ya nuna mini iyakar akwatin shi ne AGC, tsarin da ke rage ƙarfin rediyo da kansa idan sigina mai ƙarfi ta shigo. Wani dare ina bin wata murya mai nisa, sai ta riƙa nitsewa tana tasowa ba gaira ba dalili. Da na kauce wa matatar, sai ga wata tasha mai ƙarfi kilohaz 3 daga gefe. Na cire ta daga kunnena, amma rediyon yana jin ta, kuma duk sanda ta yi magana sai ya danne komai, har da wanda nake saurare. Na kashe AGC na rediyon, na rage ƙarfin shigowa da hannu, na rubuta nawa AGC bayan matatar: ya kama da sauri, ya riƙe rabin daƙiƙa, sannan ya saki a hankali. Awo mai bit 16 yana da sararin kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi, ya isa wannan aikin matuƙar ban bari sautin ya bugi rufi ba. Abin da ya riga ya murƙushe a cikin rediyo kuwa, ko ya faɗo daidai kan muryar da nake nema, akwatin ba shi da yadda zai yi da shi.

Shi ya sa yanzu nake ƙoƙarin matso da lissafin kusa da eriya. A kan teburina akwai mai gano sigina irin wanda injiniya Dan Tayloe ya ƙirƙira, da agogon lantarki na Si5351, waɗanda za su ba ni sigina biyu, I da Q, masu tazarar digiri 90. Da su manhaja za ta zaɓi gefen sama ko na ƙasa na siginar SSB da kanta. Kuskuren digiri ɗaya tak yana tsayar da danne gefen da ba a so a wajen desibel 41, don haka daidaita hanyoyin biyu shi ne aikin da nake kai a wannan makon.